Jiniya, shuɗiyar wuta da baƙin gilashi: abin da motarka ba ta da ikon sawa ko da kuɗɗinka ka saye ta

Yanzu kusan duk abin da kake gani bisa motar 'yan sanda ko ta jandarma kana iya samunshi wajen masu saida kayan mota, wutar nan mai walƙiya da ake ce ma jirofar, ƙaramar jiniya mai madanni kala-kala, ledar da ake manna ma gilashi ya koma baƙi ƙirin, har da ƙananan fitilu shuɗi da ja da ake ɓoyewa cikin ragar gaban mota sai an kunna kake sanin suna nan. Yawanci kayan Sin ne, wasu ta Kano da Katsina suke biyowa su shigo ta Jibiya da Dan Isa, kuma ba su da wata tsada, yaron mai gyaran wutar mota kafin la'asar ya gama ɗaura maka. In ka yi ma mai motar magana amsarshi ɗaya ce, motata ce kuɗɗina ne. To wagga magana tana da ƙarfi in kan rigar kujera ne ko rediyo ko ƙafafun alminiyom, amma akwai inda take tsayawa, shi ne inda abin da ka ɗaura ya fara ba sauran mutanen da ke kan titi umurni da sunan hukuma alhali hukuma ba ta aike ka ba.

Mu fara da wuta tunda ita ce tushen abin. Launin fitilun mota ba kamfani ne ke zaɓa don kwalliya ba, yarjejeniya ce ta duniya, wadda anka sa ma hannu a birnin Biyana a 1968 kan tafiyar ababen hawa bisa hanya, kuma Nijar na cikin ƙasashen da sunka shige ta. Tsarin kowa ya san shi ko bai taɓa karanta shi ba, fari ko ɗorawa a gaba, ja a baya, ruwan lemu na sigina. Shi ya sa da dare a hanyar Tasawa in ka hango jan wuta ka san bayan mota ne tana tafiya inda kake tafiya, in fari ne ka san tahowa take. Wanda ya sa jan wuta a gaban motarshi ya yi ma idonka ƙarya kenan, kuma ƙaryar tana iya sa ka shiga hannun da ba naka ba. Shuɗi shi ne launin da anka bari ba a ba kowace mota ba, anka ware shi ma motocin da ke da fifiko a hanya, wato 'yan sanda, jandarma, 'yan kwana-kwana, motar ɗaukar marar lafiya da makamantansu. Ƙarfinshi duka yana cikin ƙarancinshi ne, ido na ganinshi ya san ba na kowa ba ne.

Kuma yarjejeniyar ba ta tsaya ga cewa wane ke da ikon sawa ba, ta ɗora ma sauran jama'a wajibi, cewa duk wanda ya ga wutar ko ya ji jiniyar dole ya kauce ya ba da hanya, in ta kama ma ya tsaya cak. Ka ga kenan maɓallin nan da direba ke dannawa umurni ne da doka ta tilasta ma mai adaidaita da mai amalanke da mai tirela su bi. Mu nan mun san kakaki, a Maraɗi ko a Tsibiri, ba don ƙarfen yana da tsada ba ne ba a busa ma attajiri shi, kowane maƙerin farin ƙarfe zai iya ƙera maka, amma in anka busa kowa ya san sarki ne ya fito, kuma randa kowane mai kuɗɗi ya fara sa a busa mishi to ranar sarki ya fito ba mai miƙewa.

Ga wurin da mutane da yawa ba su gane ba, har cikin masu kakin kansu. Fifikon nan na aikin ne, ba na mutumin ba. Ko motar hukuma ta gaskiya, mai lambar hukuma, ƙa'ida ita ce ta kunna shuɗiyar wuta lokacin da take cikin aikin gaggawa kawai, an kira ta wajen gobara, tana bin ɓarawo, tana ɗauke da mai naƙuda. In an gama aiki za a koma bariki ko za a je shan mai to ta zama mota kamar kowace, ta tsaya a jan wuta, ta bi layi. Kuma ko a cikin gaggawar ba a ɗauke ma direban nauyin kula da rayukan mutane ba. To in motar aiki ma haka take, ina ga motar gida ta ma'aikacin, wadda ya saya da albashinshi yake kai 'ya'ya lakwal da ita? Kasancewarshi ɗan sanda ko soja ko ɗan duwan bai bi shi cikin motarshi ta gida ba. Balle ƙanen matarshi. Balle alhajin da kawai yana da aboki kwamishina. A Najeriya ma da abin ya fi namu yawa dokarsu ta hanya ta 2012 ta lissafa waɗanda za a yi ma jiniya, shugaban ƙasa da mataimakinshi, shugabannin majalisun tarayya biyu da mataimakansu, alƙalin alƙalai, gwamnoni da mataimakansu, sai jami'an tsaro da motocin agaji. Ba sarkin kasuwa a ciki, ba ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe, amma je ka Kano ranar ɗaurin auren wani babba ka ji.

Wutar ruwan lemu mai juyawa ita daban ce kuma ana yawan haɗa ta da shuɗiyar. Ita ba ta cewa ka ba ni hanya, cewa take yi hattara da ni, ina da faɗi ko ina tafiya a hankali ko ina aiki a bakin titi, shi ya sa kake ganinta bisa motar jan mota, katafila, da motar da ke rakiyar kaya mai faɗin da ya wuce ƙima. Mai ita ba ya da fifikon komi. Su kuma sigina huɗu da ake kunnawa gaba ɗaya na motar da ta lalace ne ko ta zama haɗari ga na baya, ba na kai amarya ba ne, amma wannan kam mun riga mun mayar da shi al'ada, ranar asabar da lahadi sai ka ga jerin motoci goma sha duka suna ƙyafta ido, ba ka san wa zai yi dama wa zai yi hagu ba tunda siginar ta tafi biki.

Jiniya ita ta fi ɓarna nan take. Ƙararta tana kaiwa wajen desibel 120 in kana kusa, an yi ta ne don ta ratsa gilashin mota a rufe, to ka ƙiyasta ta a kunnen ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mace da goyo a cunkoson bakin babbar kasuwa, ba gilashi ba komi, kawai ya ji ta a ƙeyarshi. Abin da zai yi shi ne ya fizge kan mashin ba tare da ya duba ba, kuma gefen titinmu kun san yadda yake, rairayi ne da masu talla da yara. In ya faɗi saboda motar asibiti sai a ce ƙaddara, an yi ne don ceton wani rai. In ya faɗi saboda wani yana sauri ya je ya ci tuwo fa? A Faransa har sautin sun raba, mai murya biyu na 'yan sanda da jandarma da 'yan kwana-kwana da likitocin gaggawa, mai murya uku na sauran motocin ɗaukar marasa lafiya, don mai tuƙi ya san wa ke bayanshi tun bai waiga ba, kuma wanda anka kama da shuɗiyar wuta ba izini tararshi yuro 135 ce, wajen jika 88 da rabi kenan na sefa, ga kuma ƙwace kayan.

Amma ɓarnar da ta fi damuna ba a ganinta rana ɗaya. Mutum in ya kauce yau ya ga ashe wani yaro ne cikin motar babanshi yana dariya, ya kauce gobe ya ga ɗan kasuwa ne, jibi in ya ji ba zai kauce ba sai ya leƙa madubi ya tabbatar, wani ma ya ce ai duk ƙarya ce ya yi zamanshi a tsakiyar hanya. Ranar kuwa motar da ta taso daga Madarunfa ko Gidan Rumji ce da mace jini na zuba ana son a kai ta babbar likita. Daƙiƙun da kowane direba ya ɓata yana tantama, in ka tara su daga shigowa gari har ƙofar asibiti, mintoci ne, kuma wanda ya cinye su yana gida bai ma san an yi ba. Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa ai ba wanda na cuta, sau ɗaya kawai nake dannawa in go-sulo ta yi yawa.

Sai maganar tsaro, wadda mu mutanen jihar Maraɗi ba sai an yi muna dogon bayani ba. Shekarun nan kudancin jiha, Madarunfa da Gidan Rumji da duk bakin iyaka, sun sha satar shanu da satar mutane don kuɗɗin fansa, tun 2019 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina ke shigowa, har soji sunka kafa rundunar Farautar Bushiya saboda abin. A irin wanga yanayi direban da ke tafe da dare ya hango walƙiyar shuɗi a gabanshi ana mishi alama da tocila, yana da daƙiƙa kaɗan ya yanke shawara. In ya tsaya kuma ashe sojan gona ne, ya shiga hannu shi da fasinjanshi. In ya ƙi tsayawa kuma ashe jami'ai ne na gaskiya, ana iya buɗe mishi wuta kuma ba wanda zai ga laifinsu sosai. Abin da kawai ke sa wagga shawara ta zo da sauƙi shi ne ya kasance alamar hukuma hukuma kaɗai ke da ita. Duk shagon da ke saida jirofar ga duk wanda ya miƙo kuɗɗi ba tambaya, yana ƙara ma direban nan wahalar zaɓi ne. Kuma wanda ya yi ma Hilux ɗinshi shigar jami'ai don a ji tsoronshi cikin gari ya manta cewa a daji akwai masu neman irin wagga mota da gangan, su ba za su tambaye shi takarda ba, kuma su kansu jami'an in sunka ga mota mai kama da tasu wadda ba su san da ita ba hannunsu na kan kunama. Hukuma kan abin hawa ba ta wasa in tsaro ya taɓu, mun ga an hana hawan mashin ɗungurungum a Diffa a 2015, anka yi haka a sassan Tilaberi a 2020, mutanen da ba su ji ba su gani ba sunka rasa sana'a.

Baƙin gilashi shi ne inda nake ganin masu mota suna da hujjar da ya kamata a saurara. Wanda ya taɓa barin mota a rana cikin watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura 40, ya dawo sitiyari ba ya taɓuwa, ya san ba iyayi ne kawai ke sa mutane manna leda ba. Wani iyalinshi yake son ya suturta, wani ɗan kasuwa ne ba ya son a ga jakar da ke kujerar baya, wani kuma ciwon ido ko na fata gare shi. Duk gaskiya ne. Amma tsaya a wurin ɗan sandan da ke shinge, mota ta tsaya zai matso, bai ga mutum nawa ne a ciki ba, bai ga hannuwansu ba, bai san ko akwai wanda anka danne a baya an toshe mishi baki ba, su kuwa suna kallonshi tar. Ga kuma mai tsallaka titi, da ido yake gane ko direba ya gan shi. Ga shi kanshi direban da dare, a unguwar da ba fitilar titi, jaki ko mai keke ta gefe ba zai gan su ba sai ya sauke gilashin, to amfanin me kenan.

Ƙasashe sun bi hanya biyu a nan. Faransa awo ta sa, tun 1 ga Janairun 2017 gilashin gaba da na gefen direba da na mai zaman banza dole su bar kashi 70 cikin ɗari na haske ya wuce, in ba haka ba tarar yuro 135 da cire maki 3 daga permi, na baya kuwa an sassauta. Najeriya takardar izini ta sa, dokarsu ta 1991 ta hana baƙin gilashi sai da dalilin lafiya ko na tsaro kuma shugaban 'yan sanda ke ba da izinin, a 2021 anka dakatar da ba da takardar, a 2025 anka dawo da ita ta intanet da biyan kuɗɗi har ƙungiyar lauyoyinsu ta kai ƙara kotu. Wanga ya shafe mu kai tsaye tunda 'yan kasuwarmu kullum suna hanyar Katsina da Kano, kuma shingayen da ke bayan Jibiya ba sai an ba su dalili biyu ba. A ganina hanyar awo ta fi adalci nesa ba kusa ba, don na'urar awo ba ta san ɗan wane ba, ita kuwa takardar izini duk inda anka ce sai mai dalilin tsaro to kowane mai kuɗɗi yana da dalilin tsaro, talaka mai ciwon ido shi ne zai rasa. Kuma awo yana raba gardamar nan ta gilashin da ya zo da duhunshi daga kamfani, wanda yawanci na baya ne, da ledar da anka manna a garaji har gilashin gaba.

Lamba kuma ita ce sunan mota. Wanda ya cire ta, ko ya sa mata riga ya rufe, ko ya bar ta cikin laka da gangan, yana cewa ne in na kaɗe mutum kar a same ni, ba wata fassara. Abin takaici rashin lamba a wajenmu ya zama kamar shi ma alamar girma ne, sabuwar V8 ba lamba baƙin gilashi sai ka ga an sara mata a shinge maimakon a tsayar da ita, shi ya sa lokaci-lokaci 'yan sanda ke yin samame kan marasa lamba da masu baƙin gilashi tare, don tafiyarsu ɗaya. A Najeriya akwai wata lamba mai rubutun SPY ta 'yan sandan da kamfanoni ke ɗauka, ta zama abin saye ga masu son wuce shinge har shugaban 'yan sandansu ya hana amfani da ita a 2022. Ƙananan dabarun ma duk gidan ɗaya ne, hular soja da ake ajiyewa a gaban gilashi, takardar izinin wucewa ta wani taron da anka gama shekara uku da sunka wuce, sitika mai tambarin jandarma, fentin mota kalar kakin soja. Ba ɗaya daga ciki da ke ƙara ma mota gudu ko lafiya, aikinsu ɗaya, wanda ya gani ya ɗauka hukuma ce. Nan abin ya fita daga laifin hanya da ake biyan tara a wuce ya shiga sojan gona, wanda kundin hukunta laifuka ke magana a kai. A Faransa amfani da motar da ta yi kama da ta 'yan sanda ko soja har jama'a su ruɗe ɗaurin wata 6 ne da tarar yuro 7,500, kusan miliyan 5 na sefa, ko ba ka tsayar da kowa ba.

Akwai waɗanda ido ba ya gani, su zan wuce da sauri. Na'urar toshe layin salula da ake sawa a ayarin manya don kar a tada bam da waya, a hannun farar hula haramun ce kusan ko'ina, don ba layinka kaɗai take kashewa ba har na maƙwabcin da ke neman likita. Rediyon oba-oba da anka saita kan zangon jami'an tsaro haka. A Amurka har akwai wata fitila da motocin agaji ke haska ma wutar mahaɗa ta koma kore, mutane sunka fara saye, a 2005 dokar tarayya ta hana saida ta da amfani da ita ga wanda ba shi da izini. Ƙarfen gaba kuwa, wanda ake ce ma na ture saniya, mai bin hanyar Dakoro da dare yana da uzurinshi, amma cikin gari ƙarfen nan daidai kan yaro yake, shi ya sa Tarayyar Turai ta sa ƙa'ida mai tsanani a kanshi. Su kuma dogayen fitilun nan farare da ake jerawa bisa rufi na daji ne, in ka kunna su a kan kwalta ka makantar da mai tahowa ne kawai.

Wani lokaci ma mai motar bai nema ba, da kayan ta zo. Tsofaffin motocin 'yan sanda da na asibiti na Turai da Amurka ana gwanjonsu, wasu su biyo jirgin ruwa su iso nan da ragowar wayoyi da madannai da fitilun cikin raga, wani lokaci har inuwar rubutun na nan a jikin ƙofa. Ƙa'ida kafin a saida su a can a cire komi, amma ba kullum ake cirewa duka ba, kuma da ta shigo hannunka ta zama motar farar hula, abin da ya rage a jikinta kai za a tambaya. Gara ka kai ta wajen mai wuta ya yanke tun kafin ka je neman kartigiri da bizit.

Inda abin ke tsayawa kullum shi ne wa za a fara kamawa. Yaron da ya sa ma Kasea ɗinshi wuta shuɗi da ja da odar tirela shi ya fi sauƙin kamu, a cire a kai mashin furiya ya biya tara, kuma daidai ne a cire. Amma shi kwaikwayo yake, ya ga manya ne. Ƙaramin ɗan sandan da ke tsaye a rana a mahaɗa in babbar mota ta taho da jiniya ba ya da hanyar sanin ko tana da izini ko ba ta da, abin da ya sani shi ne in ya tsayar da wanda bai kamata ba waya ɗaya za a buga a canza mishi wurin aiki, don haka sai ya sara ya buɗe hanya, kuma ni ban ga laifinshi sosai ba. Da za a fitar da jerin muƙaman da ke da ikon jiniya a karanta a gidajen rediyon gari da Hausa yadda mai amalanke ma zai sani, a ce kowace motar da anka ba izini takardar na cikinta da lambarta a rubuce, sannan mai saida jirofar da mai ɗaurawa kar su ba kowa sai ya nuna wagga takarda, da ɗan sandan nan na mahaɗa ya samu abin da zai riƙe a hannu in ya ɗaga ma V8 hannu ta tsaya.